ABIN DA YA SA JAMA'A KE ƘAUNAR FIM ƊIN "STRICTLY BALLROOM"

 Akwai finafinai da yawa waɗanda aka kashe musu dukiya mai ɗimbin yawa, aka yi ta yekuwa a kansu, amma kafin shekara ta zagayo an manta da su sarai. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin fim na ƙasar Ostareliya mai suna Strictly Ballroom, wanda ya fito a shekarar 1992. Tsawonsa minti 94 ne kacal, wanda ya shirya shi bai taɓa yin fim irin na silima ba kafin nan, kuma a cikin manyan 'yan wasansa biyu babu wanda duniya ta sani a lokacin. Amma ga shi fiye da shekara talatin ke nan mutane na ta sake kallonsa, suna dariya, waɗansu har da hawaye. Nufin wannan darasi shi ne mu binciki abin da ya kawo wannan ƙauna, sa'an nan mu ga ko akwai abin da ɗalibi da mahaifinsa za su ƙaru da shi.

Tun da farko ya kamata in faɗi cewa rawar da fim ɗin ya ƙunsa al'adar Turawa ce, ba tamu ba ce, kuma ba koyon rawa ya tara mu a nan ba. Muna nazarin labarin ne kamar yadda malamin adabi yakan ba mu littafin wata ƙasa mu duba halayen mutanen cikinsa. Wanda ya duba da kyau zai tarar rawa tufa ce kawai aka sa wa labarin. Ainihin zancen shi ne tsoro, da abin da tsoro yake yi wa gida guda, daga uba har zuwa ɗa.

IRIN RAWAR DA AKE MAGANA

Turawa suna da wata rawa wadda namiji da mace suke yi bibbiyu a cikin babban zaure, shi ya sa sunanta a Turanci yake nufin rawar zaure. Da farko rawar biki ce ta masu hali, amma a farkon ƙarni na 20 sai ta zama abin gasa. A garin Blackpool na Ingila an fara wani babban taron gasar rawa a 1920, har yanzu kuwa ana yin sa. A 1924 malaman rawa na Ingila suka kafa reshe na musamman don tsara takun kowace rawa, su rubuta shi, domin abin da aka koya wa yaro a wannan gari ya zama daidai da abin da aka koya wa wani a wancan.

A gasar duniya raye-rayen guda 10 ne, an raba su gida biyu. Biyar na kashin farko su ne waɗanda masu rawa ke riƙe da juna tun daga farko har ƙarshe, kamar wolz da tango. Biyar na kashi na biyu ana ce musu na Latin, wato samba, da ca-ca-ca, da rumba, da jaif, da faso-doble. Ku riƙe sunan wannan ta ƙarshen, domin za mu sake gamuwa da ita. Ita faso-doble tana kwaikwayon wasan bijimi ne na ƙasar Sifaniya. Namijin shi ne jarumin da ke fuskantar bijimi, macen kuwa takan tsaya a matsayin mayafin da yake kaɗawa.

A wurin gasa, bibbiyu da yawa suke shiga fili lokaci guda, kowane namiji da lamba manne a bayansa, alƙalai na tsaye a gefe suna ba da maki. To, kun ga inda rikici zai iya tasowa. Abin da asalinsa nishaɗi ne ya zama yana da hukuma, da alƙalai, da makarantu, da malamai masu cin abinci da shi. Inda kuwa aka ce akwai hukuma da abinci, to, lalle za a sami wanda ba ya son a canza kome. Sunan fim ɗin ma ba'a ce ake yi wa irin waɗannan mutane, domin ma'anarsa ita ce rawar zaure tsantsa bisa ƙa'ida, ba ragi ba ƙari.

ASALIN FIM ƊIN

Wanda ya shirya fim ɗin shi ne Baz Luhrmann. Ya girma a wani ɗan ƙauye mai suna Herons Creek a jihar New South Wales, inda mahaifinsa yake da gidan mai. Mahaifiyarsa malamar rawa ce, shi ma tun yana yaro ya koyi rawar. Saboda haka duniyar da ya nuna mana ya san cikinta da bayanta, ba labari aka ba shi ba.

Abin da zai ba mu sha'awa mu ɗalibai shi ne, wannan labari aikin 'yan makaranta ne tun asali. A 1984 Luhrmann yana ɗalibi a babbar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ƙasa da ke birnin Sidni, shi da abokan karatunsa suka tsara shi a matsayin ɗan gajeren wasan dandali wanda bai wuce rabin sa'a ba. A 1986 aka kai wasan wani taron wasannin matasa a birnin Bratislava, a ƙasar Cekosulobakiya ta wancan zamani, wadda ke ƙarƙashin mulkin kwaminisanci. Ya sami karɓuwa ƙwarai a can. Ba abin mamaki ba ne, domin mutanen da hukuma ta ƙayyade musu abin da za su faɗa ba su bukatar a fassara musu labarin yaron da hukuma ta ƙayyade masa inda zai sa ƙafa.

A 1988 aka sake nuna wasan a Sidni, an faɗaɗa shi. A cikin 'yan kallo akwai wani babban ɗan kasuwar waƙoƙi mai suna Ted Albert, shi ne ya ga cewa abin ya cancanci a mai da shi fim. Shi da abokin aikinsa Tristram Miall suka shiga neman kuɗi, abin ya yi wuya, gama masu kuɗi ba su ga wanda zai biya ya kalli labarin gasar rawa ba. Albert ya rasu a 1990 tun ba a fara ɗaukar fim ɗin ba, amma matarsa ta tsaya aka ci gaba da aikin. An gama shi da kuɗi kimanin dalar Ostareliya miliyan 3, wanda a harkar silima ba wani abin a zo a gani ba ne. Paul Mercurio, wanda ya fito a matsayin saurayin, gwanin rawa ne na wata ƙungiyar raye-raye ta Sidni. Tara Morice, wadda ta fito a matsayin budurwar, ta riga ta yi wannan matsayi a kan dandali.

LABARIN A TAƘAICE

Scott Hastings saurayi ne da aka sa shi rawa tun yana ɗan shekara 6. Mahaifiyarsa Shirley tana koyarwa a makarantar rawa ta wani mutum mai suna Les Kendall, kuma ba ta da wani buri a duniya sai ɗanta ya ci babbar gasar da ake kira Pan-Pacific. Mahaifinsa Doug kuwa wani bawan Allah ne shiru-shiru, kullum yana raɓe-raɓe da 'yar na'urarsa ta ɗaukar hoto, matarsa na yi masa tsawa a gaban mutane, ba mai sauraronsa.

Ran nan ana cikin wata gasa sai abokan hamayya suka tare wa Scott hanya, suka matse shi a kusurwa. Don ya kuɓuta sai ya ɓarke da wani taku nasa na kansa wanda ba ya cikin littafin hukuma. 'Yan kallo suka yi ta sowa, alƙalai kuwa suka kayar da shi. Abokiyar rawarsa Liz ta fusata, ta rabu da shi, ta koma wurin wanda ya ci gasar. Ga babbar gasa saura mako uku, ga shi ba shi da abokiyar rawa.

Ana nan sai wata yarinya mai suna Fran, 'yar ajin masu koyo, mai tabarau, wadda ba wanda yake ko kallonta a makarantar, ta yi ƙarfin hali ta ce masa ita za ta yi rawa da shi, kuma irin takunsa. Da farko ya raina ta, daga baya ya yarda, suka riƙa gwaji a ɓoye. Iyalin Fran baƙi ne 'yan asalin Sifaniya, suna zaune a bayan wani ɗan kanti kusa da hanyar jirgin ƙasa. Da mahaifinta Rico ya ji wai Scott ya iya faso-doble, sai ya ce to ya gwada su gani. Scott ya yi irin wadda aka koya masa ta gasa, mutanen gidan suka bushe da dariya. Sa'an nan Rico ya miƙe ya nuna masa yadda ake yin ta a inda aka haife ta, kakar Fran kuma ta riƙa buga masa kiɗan a ƙirji da tafin hannunta har ya ji shi a jikinsa.

Shugaban hukumar rawa, Barry Fife, da ya ga abin zai fi ƙarfinsa, sai ya kira Scott gefe ya ba shi wani labari. Ya ce ai mahaifinka Doug gwani ne na gaske a zamaninsa, amma a gasar 1967 ya nace sai ya yi takun kansa, ya faɗi, baƙin cikin haka ne ya mai da shi yadda kake ganinsa. In kana tausayinsa, ka bi ƙa'ida ka ci masa kofin nan. Scott ya yarda, ya bar Fran, ya koma wa Liz. Sai a ranar gasa Doug ya sami tsayar da ɗansa ya gaya masa gaskiya. Ashe bai ma taka filin gasar 1967 ba. Barry ne ya tsorata Shirley cewa in ta shiga da mijinta za su faɗi, ta bar shi ta shiga da Les, kuma duk da haka suka faɗi. Abin da ya karya Doug shi ne rawar da bai yi ba.

Nan take Scott ya nemo Fran suka shiga fili, yana sanye da rigar jarumin bijimi ta Rico. Barry, wanda dama ya riga ya shirya maguɗi don wasu su ci, ya sa aka yanke kiɗa, ya yi shela cewa an kore su daga gasar. Zaure ya yi tsit. Can sai aka ji tafi ɗaya-ɗaya daga cikin jama'a. Doug ne yake buga wa ɗansa kiɗa da hannu. Iyalin Fran suka kama, sauran jama'a suka kama, Scott da Fran suka ci gaba da rawa a kan tafin nan. Liz da kanta ta je ta mai da kiɗan, Doug ya miƙa wa matarsa hannu, daga nan kowa da kowa ya cika fili. Fim ɗin ya ƙare ba a gaya mana wanda ya ɗauki kofi ba.

YADDA DUNIYA TA KARƁE SHI

A watan Mayu na 1992 aka nuna fim ɗin da tsakar dare a babban taron finafinai na Cannes a ƙasar Faransa. Da aka gama, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafi, aka ruwaito cewa sun yi wajen minti 15 ba su zauna ba. Ya sami kyautar matasa a wurin. A watan Agusta ya fito a gidajen silima na Ostareliya, inda ya tara fiye da dala miliyan 21, wato ya ninka abin da aka kashe masa wajen sau bakwai a gida kaɗai. A taron Toronto na ƙasar Kanada ya ci kyautar da 'yan kallo da kansu suke zaɓa, wadda ita ce ta fi dacewa da zancenmu. Cibiyar finafinai ta Ostareliya ta ba shi kyaututtuka 8, har da na fim mafi kyau na shekara, a Ingila kuma ya sami kyautar BAFTA guda 3. Pat Thomson, wadda ta fito a matsayin Shirley, ta rasu kafin fim ɗin ya fito, aka ba ta kyautarta bayan ranta.

Tasirinsa bai tsaya nan ba. A 2004 gidan talabijin na BBC ya fara wani shiri na gasar rawa mai suna Strictly Come Dancing, wanda aka haɗa sunansa daga sunan wani tsohon shirinsu da kuma sunan wannan fim. Ƙasashe da dama sun kwaikwayi shirin. A 2014 labarin ya koma kan dandali a Sidni a matsayin wasan waƙe-waƙe, a 2018 kuma aka nuna shi a Landan. Shi kuwa Luhrmann daga nan ya shirya Romeo + Juliet a 1996, da Moulin Rouge! a 2001, ya zama sananne a duniya.

DALILAN ƘAUNAR

Dalili na farko shi ne labarin tsoho ne, kowa ya san irinsa. Yarinyar da aka raina ta zama tauraruwa, ƙaramin yaro ya kayar da mai iko, masoya sun rabu sun sake haɗuwa. Duk wanda ya taɓa zama a gaban kakarsa yana jin tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa ya san tun daga farko inda za a ƙare. Luhrmann bai ɓoye wannan ba, ya ma buɗe fim ɗin da jan labule irin na dandali, kamar mai cewa ga ta nan ga ta nanku. Sanin ƙarshen labari ba ya rage daɗinsa. Mu da muka saba da finafinan Indiya mun san haka sarai, gama ba wanda yake shiga kallo yana shakkar ko jarumi zai sami jaruma, abin da ake jira shi ne a ga ta wace hanya.

Dalili na biyu shi ne fim ɗin yana yi wa mutanensa dariya ba tare da ya wulaƙanta su ba. An nuna masu gasar da gashi a murɗe kamar hasumiya, da kwalliya fiye da kima, da murmushin dole, an kuma kawo kyamara dab da fuskokinsu har abin ya zama abin dariya. A farkon fim ɗin ma ana hira da Shirley kamar a shirin labarai, tana kuka wai ɗanta ya yi takun da ba a yarda da shi ba, sai ka ce mutuwa aka yi. Amma a hankali mai kallo yakan gane cewa wannan mata ba muguwa ba ce. Ta taɓa yin zaɓi saboda tsoro, ta ci amanar mijinta, ba ta kuma sami abin da ta yi zaɓin dominsa ba. In ɗanta ya bi ƙa'ida ya ci, to, za ta iya ce wa kanta hanyar da ta bi daidai ce. Da ka gane haka sai dariyarka ta gauraya da tausayi.

Dalili na uku shi ne Doug. Tun daga farkon fim ɗin yake ƙoƙarin ya ce wa ɗansa yana da 'yar magana, kullum sai a katse shi. Muna ganinsa da dare shi kaɗai a makarantar rawa, bayan kowa ya tafi, yana 'yan take-takensa a ɓoye, mu ma muna ɗaukarsa wawa kamar yadda iyalinsa suka ɗauke shi. Sai a ƙarshe muka gane mun zalunce shi. Mutumin da ya yi shekara 25 ba a ji muryarsa ba, shi ne ya karya shirun zaure guda da tafin hannunsa. A ganina wannan ne wurin da fim ɗin ya fi kama zuciya, har ya fi soyayyar Scott da Fran. Samari kan shiga kallo don masoyan, amma manya da yawa Doug suke tunawa, domin kusan kowane babba yana da wani abu da ya so yi a ƙuruciya tsoro ya hana shi.

Dalili na huɗu shi ne dabarar ƙarshen. Lokacin da aka yanke kiɗa, iko ya bar hannun alƙalai ya koma hannun 'yan kallon da ke cikin zauren. Mai kallo a gidan silima shi ma ɗan kallo ne, saboda haka sai ya ji kamar da shi ake, kamar in bai tafa ba rawar za ta tsaya. Fim ɗin ya ba jama'a aiki a cikin labarin, ya kuma nuna cewa tafinsu ya fi makin alƙali. Mutum kuwa yana son wanda ya ba shi girma. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa mutanen Cannes suka daɗe a tsaye.

Dalili na biyar ya fi shafar mutanen Ostareliya. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙasar ta karɓi baƙi masu yawa daga Turai, daga Italiya da Girka da Sifaniya da sauransu, kuma da yawansu sun sha raini kafin a karɓe su. A fim ɗin, masu riƙe da hukuma suna sayar da kwaikwayon rawar Sifaniya, alhali kuwa masu ita na asali suna can bakin hanyar jirgi ba wanda ya san da su. Kowa ya ga yadda aka juya abin, baƙon da aka raina ya zama malami.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Ba kowa ne ya yaba ba. Waɗansu sun ce labarin ya cika sauƙi, mugu mugu ne ƙarara, ƙarshe kuma zaƙinsa ya yi yawa. Waɗansu sun ce ba daidai ba ne a nuna sai da Fran ta cire tabarau fuskarta ta yi sumul sa'an nan ta cancanci a so ta. Wannan suka ta biyu tana da ƙarfi, ya kamata ɗalibi ya lura da ita, ko da yake za a iya amsawa da cewa tun tana da tabaran ita ce ta fi Scott ƙarfin zuciya, ita ta fara tunkararsa, ita kuma ta gaya masa a fuskarsa cewa matsoraci ne. Haka nan a rayuwa ta gaske ba kullum ne jama'a suke tashi su tafa wa mai gaskiya ba. Sau da yawa akan kore shi ne zaure ya ci gaba da yin shiru. Fim ɗin ya nuna mana abin da ya kamata ya faru, kuma mai hankali ya san bambancin wannan da abin da ya saba faruwa.

DARASI GA ƊALIBAI DA IYAYE

Wani ɗalibi zai iya kallon fim ɗin ya ce, madalla, ashe ƙa'ida banza ce, kowa ya yi abin da ransa ke so. Wanda ya faɗi haka bai kalla da kyau ba. Scott ya yi shekara da shekaru yana koyon taku bisa ƙa'ida kafin ya iya ƙirƙiro nasa. Kuma takun nasa na farko, duk da tsalle-tsalle da burgewa, ba shi da zurfi, shi ya sa gidan su Fran suka yi masa dariya. Bai zama gwani ba sai da ya sauke girman kai ya koya daga wani dattijo da wata tsohuwa waɗanda suka gaji abin daga iyayensu. Watau bai guje wa manya ba, malami ya sake. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, fim ɗin kuwa bai ƙaryata wannan ba. Abin da ya ƙara shi ne, a cikin manya akwai irin Rico, mai ba ka abin da ya sani har ya tuɓe rigarsa ya sa maka, akwai kuma irin Barry Fife, mai sayar da kaset na koyar da rawa, wanda yake tsoron sabon taku domin abin da bai iya ba ba zai iya sayarwa ba. Aikin yaro mai hankali shi ne ya iya rarrabe su. Hanya ɗaya ta ganewa ita ce ka tambayi kanka, in na bi shawarar nan, wa zai ci riba?

Ga iyayenmu kuma, da ladabi nake cewa akwai abin dubawa a halin Shirley da na Doug. Shirley tana son ɗanta, ba shakka, amma ta ɗora masa kayan da ba nasa ba ne, tana so ya biya mata bashin abin da ya wuce ta. Irin wannan yakan faru idan lokacin zaɓen darussa ya zo, a ce wa yaro lalle sai kimiyya domin ya zama likita, alhali kuwa kansa da zuciyarsa suna wajen harshe ko tarihi ko aikin hannu. Shawarar iyaye wajibi ce, kuma sau da yawa ita ce daidai. Sai dai yana da kyau uba ko uwa su tambayi kansu ko amfanin yaron suke hange, ko kuwa wani tsohon tsoro nasu ne yake magana. Laifin Doug kuwa shiru ne. Da ya gaya wa ɗansa gaskiyar abin da ya same shi tun da wuri, da Barry bai sami ƙofar da zai shigo da ƙaryarsa ba. Yaron da bai ji tarihin gidansu daga bakin mahaifinsa ba, zai ji shi daga bakin wani, kuma ba lalle ne wanin ya faɗi gaskiya ba.

Akwai wata karin magana ta Sifaniyanci da Fran ta koya daga gidansu, wadda take nuna cewa tsoro yakan cinye wa mutum rabin kwanakinsa. A kanta aka gina fim ɗin duka. Shirley ta ji tsoron faɗuwa, Les ya ji tsoron hukuma, Barry ya ji tsoron rasa kujerarsa, Scott ma da ake ganin jarumi ne ya ja da baya da aka tsorata shi da mahaifinsa. Mu ma a nan makaranta muna da namu. Akwai mai tsoron ɗaga hannu a aji kada a yi masa dariya, akwai mai tsoron gaya wa mahaifinsa abin da yake so ya karanta, akwai wanda yake ganin ana cutar ɗan ƙaramin aji ya kau da kai. Ba kowa ne zai zama Scott ba, amma tafin da Doug ya fara ba ya bukatar gwaninta, kowa yana da hannu.

TAMBAYOYI DON NAZARI

1. Kawo bambanci uku tsakanin koyarwar Rico da ta Barry Fife.
2. Me ya sa mai fim ɗin bai gaya mana wanda ya ci kofi ba? Da an faɗa, me zai canza?
3. Shirley abar zargi ce ko abar tausayi? Kafa hujja da abin da ya faru a 1967.
4. Kawo karin maganar Hausa guda biyu da suka dace da halin Doug, ka bayyana dalili.
5. Tambayi mahaifinka ko mahaifiyarka abin da suka so zama suna yara, da abin da ya faru daga baya, sa'an nan ka rubuta shafi guda a kai.

Tambaya ta biyar ita ce na fi so kowa ya gwada a wannan hutu.